Babur Ɗin da Ya Daina Fita

Ta kankare ƙasan tukunya ta zuba wa yara, ta ce musu ita ta ƙoshi. Maigidanta yana zaune a ƙofar ɗaki, yana goge babur ɗin da ya yi wata da watanni bai fita ba.

"Baban yara, yau ma babu wanda ya kira?"

"Wa zai kira? Tunda ƙasashen nan biyu suka zauna kan maganar iyaka, tamu ta ƙare."

Da babur ɗin nan ya yi wa ɗakinsu rufin kwano. A da kullum yana hanya da buhunan 'yan kasuwa, har wasu sai sun jira gobe.

Daga bakin titi ta jiyo manyan motoci suna ta wucewa. Iyaka a buɗe take yanzu, ba mai tsayar da kowa. Wa zai ƙara biyan ɗan babur ya zagaya masa da kaya ta daji?

Ta ɗaga hannuwa sama, ta yi ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji.

"Ya Allah, Ka sake haɗa su faɗa, su rufe iyakar nan."

Yara suka ɗago kai daga kwano, suka ce amin.