Mai Hatimi Ya Gano Jinkiri

Tun kafin kwamfutar ta gama farkawa Mai Hatimi ya danna maɓalli, shuɗin allon BIOS, inda ake saita kayan cikin inji, ya bayyana. Ya gyara zaman tabarau kamar likitan da zai shiga tiyata.

Ba wasa ya kai shi ba. Manaja ta faɗa a taro cewa ofishin ya cika nawa, kuma ƙarshen wata za a rage mutum ɗaya. Shi kuwa ga 'ya'ya a makaranta, ga furfura ta fara leƙowa. Aikinsa bai wuce ya duba takarda, ya shigar da ita kwamfuta, ya buga hatimi ba. Ya san irin kujerar da ake fara ɗaukewa, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Sai ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wai ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake ce wa ram, takan ɗan dakata kafin ta amsa kowane umarni, kuma akwai lambobin da ke tsara dakatawar. Ka rage su, inji ya zuba da gudu. Ashe abin da ke riƙe ofis ke nan, in ji shi. In ya gyara, wa zai taɓa kujerarsa?

Ya rage lambar daga sha takwas zuwa sha shida, lafiya lau. Ya ga da sauran wuri, ya sauko sha huɗu. Allo ya yi baƙi ƙirin, kwamfuta ta kama kuka. Ya kwance murfi, ya cire ɗan batirin nan mai faɗin kwabo, ya mayar, aka koma gidan jiya. Ya ƙara wa ram wuta kaɗan, ya sake gwadawa. Haka ya yi ta fama kullum, daga safe har lokacin tashi.

Sakatariya ta zo da fayil ta ce, "Baba, a buga mini."

"'Yar nan, babban aiki ke gabana. Ɗauki hatimin, ki buga da kanki."

Ikon Allah, ofis ya soma gudu. Bencin masu jira ya yi fili. Mai zuwa da safe sai ya tafi kafin rana ta take, har wani ya dawo yana tambaya ko kuskure aka yi. Mai Hatimi ya fara tafiya da ƙirji a gaba. A gida ya zaunar da matarsa yana yi mata karatun lambobi, ta ce, "Allah ya sa alheri, maigida, abincinka dai yana hucewa."

Ƙarshen wata Manaja ta kira shi. Ya shiga da rigarsa mai guga, bai jira an tambaye shi ba.

"Ranki ya daɗe, sirrin duk a lambobin ram yake. Na sha wuya, amma kin ga sakamako."

Ta bar shi ya gama tsaf, har da zana mata lambobin a iska da yatsa.

"Na gani," ta ce. "Kuma na gode. Ba don kai ba, da Sakatariya zan sallama, in zalunci baiwar Allah. Kai ka nuna mana inda jinkirin yake."

Ya sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo.

"Tun ranar da ka shiga shuɗin allon nan," ta ce, "takarda ko ɗaya ba ta bi ta teburinka ba."