Tafkin da Auta Ya Nutse

Ranar farko mai zanen bai ɗauki buroshi ba. Ya jawo wa tsohuwar kujera kusa da taga, ya koma bayanta ya tsaya, ya ce ta faɗa masa launin ƙasar wurin.

"Launi kuma? Ƙasa ce irin ta kowa," ta ce. "Tambayar da za ka yi ke nan?"

Likita ya riga ya gaya wa 'yarta cewa jijiyar idon tsohuwar na mutuwa, kafin shekara ta zagayo sai duhu. Abu ɗaya ta nema: ta sake ganin tafkin da ke kusa da tsohon gidansu, inda autanta ya nutse yana ɗan shekara tara, yau shekara arba'in ke nan. Wurin babu shi yanzu. Madatsar ruwa ta haɗiye garin, mutanensa sun watse, hoto kuma ba wanda ya taɓa ɗauka. Shi ya sa 'yar ta kawo ta wannan ɗaki mai warin fenti, a saman shagon wani tela. Da ta ambaci sunan garin, mutumin ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce zai ajiye duk sauran aikinsa.

Ba ya zana abu yadda yake. Ba a ganin bishiya da ganyenta a aikinsa, sai launi kan launi. A makon farko ya ɗaure farin yadi mai kauri a katako, ya shafe shi kaf da jan fenti mai duhu. Sai a rana ta uku tsohuwar ta tuna cewa ƙasar wurin ja ce.

Kullum da hantsi 'yar ke kawo ta. Tana zaune, sanda tsakanin gwiwoyi, tana ba shi wurin yadda take ganinsa daga ƙofar gidanta: gangare, ciyawa, ruwa, can ƙetare kuma wani babban dutse da ya leƙo kan tafkin. Shi kuwa yana jan layi da gawayi, ya shafa fenti ruwan toka, ya bi da kore, ya jira su bushe, ya kankare da wuƙa mara kaifi har jan ƙasa ya leƙo. Bai taɓa kallon fuskarta ba.

"Wannan ai kwaɓa ce," ta ce a mako na uku. "Ko kaza ta taka fenti za ta fi ka."

"Inna, irin aikinsa ke nan," in ji 'yar. "Sai an ja da baya ake gane shi."

"To ni da ba na gani daga nesa, in ja baya in je ina?"

Sau ɗaya ya yi mata tambayar da ba ta launi ba. Ya ce, bayansa a juye, "Yaron shi kaɗai ya je?"

"Shi kaɗai. Da safen na dake shi kan ƙarya, ya fita yana kuka. Ni na kora shi can." Haka ta faɗa, ba rawar murya. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wa yaro hannu ba, ba ta kuma yafe wa kanta ba.

Daga nan aikin ya tsaya a wuri ɗaya, a tsakiyar ruwan. Yau ya rufe wurin da shuɗi mai kauri, gobe ya kankare. Mutumin ya rame. Tela ya ce ya daina saukowa cin abinci.

A mako na shida ya ce an gama.

Tsohuwar ta miƙe da kanta, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa yadin. Ta bi shi daga ƙasa zuwa sama, a hankali. Launin toka ya cika gindin zanen. Ruwa ya mamaye tsakiya, baƙi-baƙi, sararin sama ɗan kaɗan. Can saman kusurwa akwai ɗan tabo ruwan ƙasa, bai kai farce ba. A cikin ruwan kuma, ƙarƙashin shuɗin, wani ɗan layi rawaya yana yin ƙasa.

"Shi ne," ta ce. "Wurin ne." 'Yar ta fara murmushi, amma tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

"Ni daga ƙofar gida na ba ka shi. Ga gidana can nesa, ga dutse a ƙarƙashin ƙafa. Wanda ya ga tafkin nan haka, a saman dutsen yake tsaye. Kuma ban gaya maka rigar autana rawaya ce ba."

Mai zanen ya durƙusa a gabanta, da furfurarsa da komai, karon farko ya ɗago ya dube ta.

"Ya daina kukan, Inna, dariya ma yake yi," ya ce. "Wasa muke, sau ɗaya kawai na hankaɗa shi."