Mai gyaran agogo da gwangwanin kan dutse

Zauna, Malam Sallau, in ba ka misali kafin ka yanke hukunci. Ka san wasan nan da wasu ke yi yanzu da waya: mutum ya sami ɗan gwangwani, ya sa ƙaramin littafi da fensir a ciki, ya kai shi wani wuri mai wuyar zuwa ya ɓoye. Sai ya tura kacici-kacici a zaurensu na waya. Amsar lambobi ce, in ka sa su a taswira su nuna maka wurin. Wanda ya je ya samu sai ya rubuta sunansa, ya mayar da gwangwanin yadda ya tarar don na baya. Ladan ke nan, babu wani.

To, an yi wani mai gyaran agogo da wannan wasa ya shiga jininsa. Mutum ne mai haƙurin ƙananan abubuwa, kuma duk zauren an san shi. Akwai kuma wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda shi ne gwanin ɓoyewa, nasa ne kaɗai ake hawa mota a tafi nema. Wata shekara tsohon ya fitar da wanda ya gagari kowa: baiti huɗu da ajami, kowane harafi da adadinsa na hisabi, amma sai ka gane wanda za ka ɗauka da wanda za ka zubar. Wata bakwai ba wanda ya warware. Mai agogo ya yi ta fama a bakin teburinsa, agogunan mutane na kwance ciki a buɗe, har ran nan lambobin suka faɗo masa. Ya rufe shago. Mota biyu ya hau, ya ƙetare kogi a kwalekwale, ya hau babur, sannan ya taka da ƙafa har gindin wani dutse. Can sama, a wata tsaga ƙarƙashin saiwar gamji, ya zura hannu har kafaɗa ya jawo gwangwanin madara naɗe cikin leda. Littafin fari fat. Ya rubuta sunansa a layin farko, ya ɗauki hoto, ya zauna yana haki.

A zaman nan ne zuciya ta yi masa huɗuba. Ya ƙirga layukan da suka rage a shafin, ya ga gobe wani zai rubuta a ƙasansa, jibi wani, kafin shekara ya zama ɗaya cikin talatin. Sai ya jefa gwangwanin a jaka ya sauko. Ya tura hoton a zaure, aka yi ta jinjina masa har mako uku.

Daga nan wasu suka fara warwarewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ƙarar da hutunta na shekara a wannan tafiya, ta zura hannu a tsagar, kunama ta harbe ta, ta dawo hannu a kumbure. Wani tela ya je, wasu 'yan'uwa biyu suka je, kowa tsaga ya tarar wayam. Magana ta juya. Aka ce hoton shafi ai ko a ɗaki ana iya ɗauka. Aka ce tun farko babu gwangwani, tsohon ne da mai agogo suka haɗa baki, ɗaya ya yi sunan gwanin ɓoyewa, ɗaya na gwanin nema. Tsohon, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya sa aka kama shi ya hau dutsen da kansa, ya laluba bai sami komai ba. Shekara talatin da biyar yana koyarwa ba a taɓa kiransa maƙaryaci ba. Ya bi sauran gwangwanayensa goma sha ɗaya ya kwashe, ya goge kacici-kacicinsa duka, ya fita daga zauren.

Kafin ya koma ƙauyensu sai da ya biya ta shagon mai agogo. Ya tsaya dafe da sanda ya ce, “Ɗana, ka yafe mini. Ban ɓoye shi da kyau ba, wataƙila birai ne suka ɗauke. Na jawo maka zargin da ba ka ci ba.” Gwangwanin yana cikin aljihun teburin da tsohon ya jingina da shi. Mai agogo ya ce, “Ba komai, Malam.” Ya raka shi bakin titi, ya tare masa mota.

Shaidarsa tana hannunsa, amma in ya fitar da ita ya tashi daga maƙaryaci ya zama ɓarawo. Da kaka ta yi, ya sake hawa motocin nan biyu, ya ƙetare kogin, ya mayar da gwangwanin cikin tsagarsa. Sai dai babu sauran kacici-kacicin da zai kai kowa wurin, kuma tsohon ya rasu kafin damina ta zagayo. Bayan shekara biyu mai agogo ya koma ya duba. Ledar ta yage, ruwa ya shiga, gara ta cinye rabin littafin. A abin da ya saura, sunansa ne shi kaɗai, kamar yadda ya so, amma ba wanda ya taɓa karanta shi a wurin sai shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.