Sallau a Ƙofar Maƙabarta

Shekara shida ke nan da gwamnati ta bar haraji ga mai so. Sallau tela ya daina biya tun ranar farko, yana cewa guminsa nasa ne.

Ran Talata mahaifiyarsa ta rasu. Yana cikin masu ɗauke da makara aka iso maƙabartar gari, sai fitilar ƙofa ta haska fuskarsa, ta koma ja.

Mai gadi ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Malam. Marigayiya tana biya, za ta shiga. Kai ne ba ka cikin rajista."

"Uwata ce fa!"

"Wallahi ba ni ke buɗewa ba."

Wani maƙwabci ya karɓe shi, aka wuce da ita. Sallau ya tsaya bayan katanga baki sake, yana jiyo ƙarar shebur ana zuba mata ƙasa.