Mai Tuwon da Ba Ta Faɗin Ciwo

Tunda ka ƙagu a shiga da kai ɗakin tiyata, tsaya ka ji wannan. An yi wata mai tuwo a bakin tasha, mace mai zafin nama da taurin kai, wadda ƙari ya fito mata a mahaifa. Jini ya yi ta zuba, har ta kai ba ta iya tuƙa babbar tukunya sai ta zauna ta huta. Likita ya ce sai an yi aiki, aka sa rana. To, ita irin matan nan ce masu ganin faɗin ciwo rashin godiyar Allah ne. Kowa ya ce mata ya jiki, amsar ɗaya ce, da sauƙi. Ko ranta ake zara haka za ka ji. Sai dai a asibitin nan ba a kai mutum gaban wuƙa sai duk waɗanda suka duba shi sun zauna wuri ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani. Nas ta ce ta buɗe ƙasan idonta ta gan shi fari fat. Mai ba da maganin barci ya ce ya hango ta a matakala tana haki, ta dafa bango. Mai awon jini ya ce suga ya hau. Mai kula da abincin majinyata kuwa, da ta ja ta da hira, ta gano matar da ke ƙosar da rabin tasha ƙanzo take jiƙawa ta ci, sai goro. Da kowa ya riƙe nasa, ba wanda zai tsorata. Da aka haɗa, suka ga jikin nan ba zai ɗauki wuƙa ba, aka ɗage aikin.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce raina ta aka yi don ba ta san kowa ba, har ta fara cigiyar inda ake yi wa mutum aiki ba jeka-ka-dawo. Babbar nas ce ta zaunar da ita ta ce, "Inna, yankan na likita ne, tashin kuwa naki ne, kuma da jikin nan za ki tashi." Maganar ta shige ta. Taurin kan da ta saba gwada wa 'yan kamasho sai ta juya shi kan kanta. Ta fara zuba wa kanta abinci kafin ta zuba wa kowa: tuwo kaɗan, zogale da wake da hanta da yawa. Ƙwayoyin ƙarin jini suna tayar mata da zuciya, ta runtse ido ta haɗiye. Da safe ta zaga unguwa a ƙafa, da yamma ta zauna tana hura balan-balan yadda aka koya mata don huhu ya buɗe, direbobi na tsokanarta wai Inna ta koma yarinta. Ko kallo ba su ishe ta ba. Abin da ya fi mata wuya shi ne koya wa bakinta gaskiya. Ranar da ta fara cewa tana ganin jiri, kunya kamar ta nutse, amma wannan maganar ce ta sa likitocin suka sake zama suka canza mata magani.

Ranar aiki ƙarin ya fi yadda hoto ya nuna. Jini ya zuba sosai, aka daɗe ana fama, 'ya'yanta a waje har sun fara sallamawa. Amma jikin yana da abin bayarwa, ya kuwa bayar. Ta farfaɗo, washegari ta sauko daga gado tana dafe da nas, ta taka da ƙafarta. Likitan bai ɓoye mata ba, ya ce da a ranar farko aka yi aikin, da yanzu 'ya'yanta suna zaune a tabarma suna karɓar gaisuwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.