Takalman Wen

Sau goma sha ɗaya ke nan Wen yana maimaita kalmar, tana maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi. Ghissa ya share rubutun da tafin hannu, ya sake zana shi a rairayi. Takarda ta ƙare tun watan jiya.

Ghissa ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. Ingilishin nan a bakin 'yan yawon buɗe ido ya tsince shi, zamanin da yake yi musu jagora cikin duwatsun Ayar. Tawaye ya kori baƙi, fari ya cinye awaki, a Arlit aka ce babu aiki. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ga shi yau ya zama malami mai ɗalibi ɗaya tak: Wen, injiniya ɗan ƙasar Sin, mai furfura, kullum ƙafa babu takalmi, wanda bai taɓa makara ba balle fashi.

Wen ne ya roƙi kalmar. So yake ya ce abu bai taɓa faruwa ba, irin wannan zafi, irin wannan ƙishi. Ghissa ya ba shi wata doguwa kamar wuyan raƙumi, a ransa yana cewa su kam duk sun taɓa gani.

Ranar Juma'a za a ba Wen waya ya kira kamfaninsa, minti biyu, da Ingilishi zai yi magana. In abin ya yi kyau zai ga 'yarsa kafin sanyi. In bai yi ba, za a karɓe shi daga hannun Ghissa a wuce da shi arewa, wurin waɗanda ba su san haƙuri ba.

Da la'asar Akoli, direban Shef, shugabansu, ya iso, ko sauka daga mota bai yi ba.

"Babu waya. Shef ya ce gobe da safe Shinuwa, ɗan Sin ɗin nan, ya tafi arewa. Magana ta ƙare."

Wen ba ya jin Hausa. Ya yi murmushi, ya faɗi kalmar daidai a karon farko. Tausayi ya kama Ghissa.

Ya miƙa masa shayi na uku, ya cika jarka da ruwa, ya nuna masa da haɓa inda Arlit take, tafiyar rabin yini. Sannan ya rataya bindigarsa, ya ajiye takalman Wen a gabansa ya juya baya, abin da bai taɓa yi ba cikin wata huɗu da suka sace shi a hanyar Imouraren.