Takardar da Za a Kai Sakkwato

Karo na huɗu ke nan ƙwallo na faɗawa gonar albasar da ke bayan katanga, kuma Cyril ne ya sake tsallakawa ya ɗauko, domin gasar tanis ta mata ta jiha guda ƙwallo shida ta mallaka.

Shekararsa goma sha ɗaya yana koyar da tanis a wannan fili na bayan kulob ɗin ma'aikata a Birnin Kebbi. Ragar ta sha ɗinki da zaren masunta har ta fi kama da taru. 'Yan matan da ya koyar sun fi ɗari, kuma yawancinsu abin da suka ƙware a kai shi ne neman inuwa. Ya daɗe da daina sa rai, ya ga kuma hakan ya fi masa lafiya.

Sai ga wasiƙa daga Sakkwato a wannan shekara ta 1986. Ana son sunayen 'yan wasa uku da ya kamata a sa wa ido, wadda ta zo a layin farko kuma za a tura ta Legas gasar ƙwararru. Mai cike takardar ita ce Malama Riskuwa, jami'ar wasannin mata ta yankin, wadda aka kawo ofis bara. Mace ce mai gaskiya, ba ta da yawan magana, abin da ya sa Cyril bai damu ba da farko.

Ai ba a bukatar gilashi a gane wadda ta cancanta. Sakinatu Tamba ce, ɗalibar kwalejin horon malamai daga Argungu, doguwa, bahaguwa, mai bugun fara wasa, wato sabis, kamar an jefo tabarya. Ranar farko ta sallami mutum biyu kafin azahar. Cyril ya ji wani abu na motsi a ƙirjinsa, ya yi fatan dai gyambon ciki ne.

Malama Riskuwa kuwa ba ta ga komai ba. Da yarinyar ta shiga fili, sai rajista ta bukaci a duba ta. Ta yaba wa Wuraola, 'yar mai kantin magani, kan saurin ƙafa. Ta yaba wa Maryamu ta Gwadangaji kan haƙuri, wanda shi ne yabon da ake yi wa mai shan kaye a natse. Da Sakinatu ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, bango ta amsa wa. Idan ya zama dole ta ambace ta, sai ta ce "waccan".

Cyril ya kai ƙara wurin malaman mata da suka rako ɗalibai. Suka dubi juna, ɗaya ta gyara mayafi, suka ce masa Allah ya ba da haƙuri. Shi kaɗai ya zauna ya warware matsalar: Malama mutuniyar Gwandu ce, yarinya kuwa daga Argungun Kabawa ta zo, yaƙin kakanni ne bai ƙare ba, an dai sauya makami.

Rana ta biyu Sakinatu ta gurɗe a ƙafa ta faɗi. Kowa ya miƙe. Malama ma ta miƙe, amma randar ruwa ta tafi dubawa, ta kuma daɗe tana duba ta. Da ta dawo ta ajiye gwangwanin man zafi a gefen tebur, ta ce ko wani zai bukata.

Wasan ƙarshe bai kai sa'a guda ba. Sakinatu, da ƙafa ɗaure, ta cinye Wuraola shida da biyu, shida da ɗaya. 'Yan kallo goma sha bakwai suka tafa, har da mai gadi. Malama tana fiƙe fensir.

Direban Fijon da zai kai takarda Sakkwato ya ce ƙarfe biyar zai tashi, ba ya son dare ya same shi a hanya. Biyar saura kwata Cyril ya shiga ɗan ɗakin da suke kira ofis, da jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa, har da barazanar rubuta wa manya koke. Ya leƙa takardar. Wuraola tana nan, Maryamu tana nan. Sunan Sakinatu babu.

Ya fara jawabi. Bai kai rabi ba direba ya danna hon. Malama ta turo masa takardar da biro, idonta na kan taga.

"Hannuna ya gaji. Rubuta na waccan."

Sai a lokacin ya lura da inda ta bar gurbi: layin farko ne. Ya rubuta da sauri kafin ta sake shawara. Saura ranar haihuwa. Ya ce bari ya fita ya tambayi yarinyar, ko da yake ya san amsar da zai samu ita ce shekarar da ruwa ya ci shinkafa.

"Zamna," in ji Malama. "Goma ga Yuli, sittin da bakwai. Litinin ce, bayan la'asar, ana ruwa."

Cyril ya rubuta goma, ya rubuta Yuli, sannan biron ya tsaya. Duk da baƙo ne, zamansa a ƙasar nan ya isa ya san cewa yarinya ɗaya ce tak a duniya da mace ba ta kallo a gaban mutane, ba ta yabo, ba ta kuma kama sunanta ko da a takardar gwamnati: 'yarta ta fari.